Munduwar Kulu Ta Fita

Yaya Gado,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Tibiri lafiya lau.

Ka bar ɗiyata Kulu a kumbure, ido ba ya buɗuwa da safe, fitsari duk kumfa. Munduwar da ka ba ta har ta nutse a hannunta. Likitan Dogon Dutsi ya ce ƙoda ce, ya hana ta gishiri.

Sai ga ƙyanda. Wallahi na fid da rai. Amma zazzaɓi na sauka, yarinya ta kama fitsari ba tsayawa, kumburi ya sace. Likita ya ce kumburin yana iya dawowa, don haka a sa mu a addu'a.

Jiya tana damu, munduwar ta suɓuce cikin fura. Mun sha abinmu, mun gode Allah.

A gai da mutanen gida.

Ƙanenka, Dari