Tayoyin da Yayana Ya Bari

Don Allah a ba ni shawara, na rasa tudun dafawa.

Yayana ya rasu bara, ya bar keken tsere mai siraran tayoyi kamar yatsa. Inna ta ba ni shi, ta ce in riƙa hawa kada ya yi tsatsa. Da shi nake zuwa aiki a ɗakin gwajin jini, tafiyar minti arba'in, hanyar duk ramuka da fasassun kwalabe. Makon jiya sau uku ina yin faci, har mai facin ya fara tambayata lafiyar gida. Shugabarmu ta ce in na sake makara in nemi wani wurin. Ga bayana da wuyan hannuna kullum kamar an lakaɗa mini duka.

Na yi wa Inna maganar canza taya. Ta ce yayana da hannunsa ya sa su. Ita ke goge keken kowace safiya. Ban ƙara ta da zancen ba. In na jingine shi, za ta ga na guji ɗanta. In na ci gaba, aikina zai tafi. Wani lokaci haushin keken nake ji, sai kuma kunya ta kama ni.

Ƙanin marigayi

Ɗana, Allah ya jiƙan yayanka. Haushin nan gajiya ce kawai, kada ka tuhumi kanka.

Waɗannan tayoyi na titi mai santsi ne, kuma sun tsufa. Kai keken wurin mai gyara ya auna iyakar faɗin tayar da zai ɗauka. In milimita talatin ko talatin da biyu za ta shiga, sayi wannan, mai ƙarin shimfiɗa a ciki da ke tare kwalba da ƙusa. Za ta ɗan fi nauyi, amma ba tsere kake yi ba. Kada a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse, wannan ne ke dukan bayanka.

Ita kuwa Inna, ba roba take karewa ba. Zauna ka faɗa mata maganar shugabarku, don da alama ba ta sani ba. Babu uwar da za ta so ɗanta ya rasa abin yi. Tsofaffin tayoyin kuma kada ka bar su a shagon mai gyara: wanke su, ka miƙa mata da hannu biyu.

Allah ya tsare hanya, ya sanyaya zuciyarta da taka.