Ƙaramin Gilashin Nake So, Yaya

Zuwa ga Yayana Boakye Dankwa,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Serwaa da yara. Ubangiji Ya kiyaye ku daga sanyin Hamburg, Ya sa takardunka na zama su fito, ko da yake na san ba za su fito kafin jana'izar Mama ba. Mu nan Bekwai muna nan, sai haƙuri. An ɗinka kayan makoki baƙi da ja, an kama masu ganga da rumfuna, kuma Kawu Oduro ya tsayar da Asabar ta ƙarshen wata. Ranar Juma'a za a ɗauko ta daga ɗakin ajiye gawa na asibiti.

Maganar da muka yi a waya ce ta hana ni sukuni, shi ya sa na zauna na rubuta, tunda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce za ka ba Dufie, matar Kwarteng da ke can wurinku, dogon gilashin kyamara mai jawo abu daga nesa ta taho min da shi, don mutane su ga ɗan Mama na Turai bai yi rowa ba. Na gode, Yaya, amma ba shi nake so ba. Ƙaramin nan mai lamba hamsin nake so, wanda ko jawowa ba ya yi, wanda da na faɗa maka ka yi dariya ka ce ai wannan murfin kwalba ne.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni makon jiya. An ɗauke ni aikin hoton jana'izar tsohuwa Pokuaa ta bayan coci, na tafi da gilashin da ya zo da kyamarar tun a kwali. A waje ya yi aikinsa lafiya lau. Da na shiga ɗakin da aka shimfiɗe ta don a yi mata ganin ƙarshe, an rufe tagogi da leshi da saƙin kente, sai ya makance. Na ɗauka, na sake ɗauka, fuskar ta fito kamar hayaƙi. Na kunna fitilar kyamara, hodar da mai gyaran gawa ta shafa mata ta ɗauki hasken, tsohuwa ta koma fari fat. 'Yarta da ke Kanada ta kira ni tana kuka, ta ce wannan ba uwarta ba ce, in faɗa mata wa na ɗauko. Har yau muryarta tana kunnena.

Kawu ya ga hotunan. Ka san shi, bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙanwarsa ba 'yar takara ba ce da za a riƙa watsa mata wuta a fuska, duk wanda ya kunna fitila a ɗakin nan da sandarsa zai raka shi waje, ko da 'yar da ta haifa ce. Na roƙe shi a buɗe taga ɗaya, ya tambaye ni ko a gidanmu na taɓa ganin an shimfiɗe babba taga a buɗe kamar shagon aski. Maganar ta mutu a nan.

To ka gani, dogon gilashin ya fi wanda nake da shi son haske, kuma sai an ja da baya sosai yake gani. A ɗakin Mama za a shimfiɗe ta, ɗakin da kai da kanka ka san in an sa gado sai a gicciye ake wucewa. Ina zan ja? Sai dai in fasa bango. Na je birni, kasuwar Adum, wurin wani mai gyaran kyamara, ya ɗaura min irin ƙaramin, na ɗauke shi a cikin lungun shagonsa mai duhu, har furfurar girarsa ta fito ɗaya-ɗaya. Da na saye shi a take, amma da muka ɗaga shi a rana sai ga fumfuna ta yi saƙa a ciki, ya ce wani sai bayan wata. Dufie kuwa Alhamis mai zuwa za ta taso, bayan ita babu mai zuwa. Ka duba sunan kyamarar da na tura maka a waya, ka nuna wa mai shagon, kada a ba ka wanda bakinsa ba zai zauna ba.

Taron waje kada ya dame ka. Lema da ganguna da masu rawa za ka gan su a wayar kowa har ka gaji. Fuskar Mama kuwa safiya ɗaya za a buɗe, a rufe, shi ke nan. Tsoro nake ji, Yaya, tsoron in tsaya a kanta da kyamara a hannu in kasa kawo maka ita.

Kawu Oduro yana gaishe ka, haka Anti Nyantakyiwaa da Kwarteng. Ka gaishe min da Anti Serwaa, ka shafa min kan Fosua da ƙaninta.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba, don na san ba za ka iya ci gaba da magana ba. 'Yan kunnen zinaren da ka aiko wa Mama shekarar da ka fara aiki, waɗanda ka yi ta fushi ba ta taɓa sawa ba, ajiye su ta yi. A asibiti ta kama hannuna ta ce ranar da za a shimfiɗe ta a sa mata su, in ɗauka da kyau, Boakye ya ga ta sa. Ƙanana ne ƙwarai, Yaya, ɗakin kuma duhu.

Taka ƙanwa,
Afrakoma