Usaina ta kai aji biyar ba ta karanta sunanta

Zuwa ga mai girma shugaban masu duba lakol na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni tela ne a wani ƙauye na karkarar Gangara. Na yi ta zuwa buronka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ina da ’ya’ya tagwaye, Hasana da Usaina. Rana ɗaya na kai su lakol, benci ɗaya aka zaunar da su. Duk ƙarshen shekara sai a ce mini sun wuce aji na gaba, in yi hamdala, in ɗinka masu sabbin riguna. Ashe Usaina ko sunanta ba ta iya karantawa. Abin da kunnenta ya ji take haddacewa. In an tashe ta karatu Hasana ta raɗa mata, in an ba da rubutu Hasana ta yi na mutum biyu. Sai a aji biyar abin ya fito, da zazzaɓi ya kwantar da Hasana. Mushe, wato malamin ajinsu, ya kira Usaina gaban allo, ta tsaya tana kallon baƙaƙen, ya zane ta, ya kira ta jaka a gaban yara. Sunan ya bi ta har bakin rijiya.

Ga kukana, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Malamai sun riƙe yarinyar nan hannu bayan hannu, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ita kaɗai ya ga abin da ta iya da abin da ya gagare ta. Na san aji ya cika, na san malami ɗaya ne a kowane aji. Amma wa ya riƙa sa hannu cewa ta ci?

Na biyu. Na nemi a auna ta a gaya mini matsalarta. Ita dai cewa take baƙaƙen suna cakuɗe mata. Na kai ta likita a Gazawa, aka ce ido lafiya, kunne lafiya. Shugaban lakol ya ce mini ba kowane yaro aka haifa da kan karatu ba, in yi haƙuri. A buronka aka ce akwai masu irin wannan awon, amma sai Maraɗi, wataƙila ma sai Yamai. Na tambayi ƙofar da zan ƙwanƙwasa, ba wanda ya sani.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Wasu baƙi sun zo lakol ɗinmu da mota, wai za su gwada yara su gano masu bukatar taimako. Ranar na rufe shago, na tsaya a bakin danga ina murna. Sai na ga mushe ya zaɓo masu ƙoƙarin aji ya jera masu, har da Hasana. Usaina kuwa aka ba ta bokiti ta ɗebo wa baƙi ruwa. Suka gama, suka yaba, suka tafi. Ta wuce ta gabansu da ruwa a ka, ba wanda ya tambayi sunanta.

Da jarrabawar ƙarshe ta zo aka raba masu wurin zama. Hasana ta ci, Usaina ta faɗi. Na kai Hasana gidan ƙanwata a Gazawa don ta ci gaba, hutun farko ta dawo ta ce ba ta komawa. Da uwarta ta matsa mata, sai ta fashe da kuka, ta ce ita ta cuci ’yar’uwarta da raɗe-raɗenta. Yarinya ƙarama ta ɗauki laifin manya ta ɗora wa kanta. Yanzu su biyun suna gida suna tsince aya.

Roƙona kaɗan ne. A turo wanda ya san aikin ya zauna da Usaina, da harshen da take ji, ya gaya mana abin da ke damunta da yadda za a koya mata. In masu awo sun sake zuwa, kada a bar malami ya zaɓar masu yara. A kuma hana kiran ɗan mutum jaki don abin da ba a bincika ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya raya naka ’ya’yan. Nawa biyu ne na ba ku amana, biyun kuma an maido mini.

Wassalam.

Mahaifin tagwaye,
daga karkarar Gangara.