Tabon da Ka Zagaye da Jan Biro

Zuwa ga Malam Salifu, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Na ajiye wasiƙar nan a bainar jama'a ne saboda a bainar jama'a ka ajiye ni.

Ka san ni, Hamidu ɗan kabu-kabu, wanda kuka yi wasan ƙasa tare a Garu. Ka kuma san ranar da na tsaya a rumfarka ta bakin kasuwar Malanbil, inda kake rubuta katin biki da na suna, na ce ka koya mini rubutu da alƙalamin nan na ƙarfe mai tsinin baki. Ka yi dariya, ka ce hannun da ya saba murɗa totur ɗin babur zai sha wuya. Ka yi gaskiya.

Da alƙalamin kara na tashi, mai son a danne shi. Naka kuwa bakinsa biyu ne, da na danna sai ya wage, da na tura shi sama sai ya caki takarda ya fesa mini tawada a riga. Har tawadar baƙin tukunya da ƙaro na haɗo daga gida, ta toshe maka alƙalami biyu a yini guda. Kullum maganarka ɗaya ce: “In za ka bisa, sassauta. In za ka ƙasa, danna.” Wata biyu ina jan sanduna a kwance, ko harafi ɗaya ba ka bari na yi ba.

Kai kaɗai na faɗa wa dalili. Baba ya tsufa yana noman albasa, bai taɓa rubuta sunansa ba. Duk takardar da ta zo, sai a kama babban yatsansa a dangwala. Ciwo ya kwantar da shi, ni kuma ina so ya ga sunansa da kyau ko sau ɗaya, daga hannun ɗansa.

Ranar wata Juma'a na rubuta Garba Umaru a gabansa, a kan tabarma. Layin ya karkace, wani harafin ya ɗara wani ƙiba. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wanga duka sunana na?” Sai ya tsoma yatsa a bakin kwalbar tawada ya dangwala a ƙasan takardar, yadda ya saba. Ya ce takarda ba ta cika sai da hannun mai ita.

Washegari na kawo maka, na ba ka labarin nan tiryan-tiryan. Ka ce in bar ta wurinka ka duba kurakurai. A satin ka tashi zuwa Kwatano, takarda ta bi ka. Na kira ka sau uku, kullum sai ka ce tana cikin kaya. Baba ya rasu kafin a cire albasa, ka turo ta'aziyya, na gode.

Shekaranjiya ina jiran fasinja a bakin gada, wani abokin aiki ya miƙo mini wayarsa yana ƙyalƙyala dariya. Takardata ce a shafinka na intanet, kusa da taka mai kyau, kana tallar makarantar da ka buɗe. Ka rubuta a sama cewa ga yadda ba a rubutu. Ka bi haruffana da jan biro ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna ta cewa kaza ce ta taka tawada.

Wannan duk da sauƙi, Salifu. Rubutun ba shi da kyau, na sani, mai koyo ne ni. Amma ka zagaye yatsan Baba, ka ja kibiya, ka rubuta “ƙazanta”. Ka ci tuwo a gidanmu. Da yatsan nan ya cire maka ƙayar kifi a maƙogwaro kana ɗan shekara bakwai. Kuma ka san na wane ne, don ni na faɗa maka da bakina.

Na ji ciwo, Salifu, ciwon da ban san akwai irinsa ba. Na nuna maka mafi munin abin da hannuna ya yi don na amince da kai. Duk da haka, in na ja layi ya fito siriri, kai nake fara tunawa, har in ɗaga kai kamar kana nan.

Ban daina ba. Yanzu ina rubuta sunan Baba a miƙe, na cika littafi guda da shi. Babu ko ɗaya da yatsansa ya taɓa.

Ba so nake ka ba ni haƙuri ba. Ka cire hoton, ka sa takardar a ambulan, ka ba kowane direban da zai hauro. Kada ka yi ƙoƙarin goge jan biron, za ka lalata abin da ke ciki.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa albarka a makarantarka, Ya ba ɗalibanka malamin da zai rufa musu asirin shafinsu na farko.

Abokinka na Garu,
Hamidu ɗan Garba Umaru