Fitilar Ba'indiya a Ma'ajiyar Riɗi

Yaya Ruƙayyatu,

Sallama daga Gadarif. Yaya Inna da yara? Ni lafiya, sai tari saboda ƙurar riɗi a ma'ajiyar da nake dako, amma ba mai kwantarwa ba.

Kin tambayi sallata. Gaskiya gajiya da haushi sun sa na yi sakaci.

Shugabarmu Ba'indiya ce, Kabita. Kullum da safe, ko motoci na jira, sai ta kunna fitila gaban hoton abar bautarsu, Durga, ta natsu. Na ce mata ɓata lokaci ne. Ta ce, "In ban tsaya gabanta ba, a kanku zan huce haushina. Kai fa, Ɗayyabu, ina kake tsayawa?"

Ba hanyarmu ba ce, amma ta fi ni riƙon tata. Jiya na sauke buhu na yi Azahar kan lokaci. Ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Ɗayyabu