Ƙanƙara a Bokitin Magini

Assalamu alaikum, ƙanena Sule. Ina gajiya, ya iyali? Ya jikin Inna, ƙafar ta saki kuwa?

Tun kafin in zo ake ce min ruwa na daskarewa a Riyad in sanyi ya kankama. Na ɗauka labarin masu dawowa ne, don a ce sun ga duniya.

To, kafili, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sa mu ɓamɓare tsofaffin duwatsun da ke jikin bangon gidansa na Dir'iyya, nan gefen Riyad, mu manna sababbi, a tsakiyar sanyin nan. Na ce a jira ɗumi, ya ce, "Yalla, ya Hajji!" wato maza a ci gaba. Muka manna. Da yamma na yi wa simintin ban ruwa sosai, yadda muke yi a gida. Gari na wayewa sai ga ƙanƙara a bokiti, duwatsu uku kuma sun faɗo ƙasa.

Na mayar da su, amma zama ya gagare ni. Ko shayi na ɗauka sai in ajiye, in bi bangon ina ƙwanƙwasawa, ina sauraron wanda zai yi ƙarar fanko. Ranar Alhamis kafilin zai zo dubawa, ga iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa tana jiran sabuntawa.

Ku sa ni a addu'a, Inna ta ƙara da tata. A gaida mutanen masallaci.

Af, na ƙarshen da ya ba ni labarin ƙanƙarar nan kai ne, a filin jirgi, na yi ta yi maka dariya. Ka rama, amma bayan Alhamis.

Yayanka,
Garba