Shirun da Aka Yanke

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Ya maƙogwaron? Tunda likita ya hana ka magana, kai kuma ka rantse ba za ka latsa waya ba, ga takarda Yaya zai kawo maka.

Na gama aikin laccocinka goma sha biyu da muka ɗauka a bidiyo. Kwana tara ban zauna wuri ɗaya ba. Ogan ofishinmu ya sa na canja launin shafin intanet ɗin sau uku, jiya kuma ya ce na farkon ya fi. Kowace lacca na daddatsa ta minti bakwai-bakwai, saboda a waya ɗalibai ke kallo, data kuma ba ta jira. Na cire tari, na cire gyaran gilashi, na cire duk wuraren da ka yi shiru. Wallahi ka fito tas, kamar mai karanta labarai.

Ranar Alhamis kwamitin jami'a zai kalla. In sun amince, darasin zai ci gaba da sunanka da muryarka. In ba su amince ba, wani za a ba ya sake ɗauka.

Taka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Mamanki tana amsawa.

Na kalla a wayarta. Wane ne wannan mutumin mai kama da ni? Ya yi tambaya, kafin mai saurare ya haɗiye yawu, shi da kansa ya ba da amsa, ya zarce kamar ana korarsa. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban taɓa yin tambaya ba sai na ƙirga ashirin a zuciyata ina kallon aji. A nan ɗalibi ke yin kuskurensa, ni kuma in zo in gyara. Wanda bai yi kuskure ba me zan gyara masa? Tarin ki riƙe, na bar miki. Shiruna ki maido min.

Laraba za a yi min tiyata. Likita ya ƙi cewa muryar za ta dawo, ya kuma ƙi cewa ba za ta dawo ba. Ba na tsoron wuƙarsa. Abin da ke hana ni zama shi ne a ce wannan mai surutun ne zai rage a madadina.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Babu ainihin bidiyon. A ofishinmu da zarar an ɗora wanda aka gyara, sai a goge na asali don a samu wurin ajiye na malami na gaba. Ba wanda ya sa ni gaggawa. Ni na goge da hannuna ranar Asabar, har ina jin daɗin na rage aiki. Kunya ta ishe ni, Baba.

Tun safe nake gwaje-gwaje. Na tsayar da hotonka cak na daƙiƙa ashirin bayan kowace tambaya, sai abokiyar aikina ta ɗauka intanet ne ya ɗauke, ta yi ta sabunta shafin. Na sa rubutu mai cewa a tsaya a yi tunani, da maɓallin ci gaba a ƙasa, kowa ya danna ba tare da ya karanta ba. Oga ya leƙo ya ce in daina ɓata lokaci, wai bincike ya nuna ɗalibi na barin shafi in shiru ya wuce daƙiƙa huɗu. Na kusa ce masa shi da bai taɓa yin shirun daƙiƙa huɗu ba ina ya sani.

Dabara ɗaya ta rage. Na ƙirga, tambayoyinka arba'in da shida ne. In za ka iya zuwa ɗakin ɗauka ranar Talata, ba sai ka furta komai ba. Ka zauna gaban kyamara ka yi shiru sau arba'in da shida, ni zan dasa kowanne a wurinsa. Na san Mama za ta ce jajibirin tiyata ba ranar yawo ba ce, kuma gaskiyarta. In ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Ka yafe min.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, mamanki ta yi faɗa, ta gaji, yanzu tana goge shuɗiyar rigar da na sa wancan karon.

Zan zo ƙarfe goma. Amma ban iya yi wa kujera shiru ba. Ki samo min mutane, ko biyar ne, su zauna bayan kyamarar. Ke za ki karanta musu tambayar, ni in kalle su. Ki sa ogan naki a layin gaba.

Maganar yafiya ki bar ta. Ki dai daina gogewa kafin mai abu ya gani.

Babanki

Baba,

Sannu da jiki. Yaya ya ce ka farka, har ka nemi biro. Alhamdu lillahi. Na tambayi likita zancen murya, ya ce sai nan da sati shida za a sani.

Yanzu na fito daga wurin kwamiti, a tsaye nake rubutun nan. Mun fara da darasin da ka tambaya ko ruwa zai zube in ƙanƙara ta narke a kofin da ya cika fal. Sai shirun ya zo. Shugaban kwamitin ya miƙa hannu zai taɓa kwamfutar, ya ɗauka ta tsaya. Daidai nan ka ɗaga gira, irin yadda ka yi wa Oga ranar Talata. Mutumin ya janye hannunsa, ya gyara zama, ya ce da ƙarfi, "Ai zai zube mana."

Sai muryarka ta dawo a bidiyon, ka ce, "Na san ka ce zai zube."

Ba wanda ya yi dariya sai sakatariya, ita ma ta toshe baki. Shugaban ya sa an mayar baya ya sake kallo. Ba su sa hannu ba tukuna, amma ya aika a kawo masa kofi da ƙanƙara.

Allah ya ƙara sauƙi. Ina nan tafe da yamma.

Taka,
Auta